Wankin da Muka Kai wa Teku

Ku matso kusa, ku da kuka hana ni sakat tun ranar da na dawo. A gidan suna tambaya, a wajen niƙa tambaya, har mai kawo mana ruwa sai da ya ajiye kura ya ce, "Hajara, wai da gaske ne ba a hango ƙarshensa?" Bakina ya gaji da maimaitawa. Bari in zauna in rubuta da ɗan bokon da na yi, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Kun san ni, ba na zuwa ko'ina. Daga ɗakina a Fagge sai Singa sayen kayan miya, sai Kwari in salla ta matso. To me ya kai ni Kwatano, kuma cikin motar 'yan coci? Mama Hannatu ce ta ja ni. Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai ɗinkin nan ta Sabon Gari, wadda muke tare tun 'ya'yanmu suna rarrafe. Ran layya cinyar rago tata ce, ran Kirsimeti kuwa sai na ba maƙwabta shinkafarta don ta yi mana yawa. Matan cocinsu, waɗanda suke kira zumuntar mata, sun shirya zuwa wani ƙauye a gefen Kwatano su koya wa mata ɗinki da haɗa sabulu, su kuma yi wa'azinsu. Da suka je bara, abincin can ya kwantar da rabinsu. Shi ne bana suka ce sai da mai tuwo.

Na gaya wa Malam maigidana, ina jiran ya ce a'a in samu hujja. Sai ya ce, "Hannatu ce fa. Je ki, ki riƙe sallarki. Ki taho min da kwakwa." Ka ji mutum.

Da sassafe muka tashi daga Sabon Gari. Kayana su ne suka cika bayan mota: garin masara, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, da muciyata, don ban yarda da muciyar wani gari ba. Ba mu wuce Kwanar Dangora ba suka fara waƙa. Suna da wani tulu da suke bugun bakinsa da soso, yana wani irin gumza kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Mama Hannatu ce mai ba da waƙa, sauran su amsa. Ni dai ina ta carbina, amma in faɗa muku gaskiya, ƙafata ta ci amanata, sai na ga tana bin tulun.

Akwai wata Ladi a cikinsu, ƙatuwa, mai murya kamar lasifika. Ita ta naɗa ni Hajiya. Na ce ban je Makka ba. Ta ce, "Ai ga shi mun ɗauko ki, daga nan sai can." Ita ce kuma ta zama ladanina. Rana na karkatawa za ta buga wa direba kujera: "Tsaya, Hajiya za ta yi salla!" Shugaban tafiyar, Fasto Bulus, dattijo ne siriri mai sanyin magana, shi da kansa yake sauka ya nemo min inda ba ƙazanta.

Da muka haye babban kogi muka nausa kudu, sai itatuwa suka rufe mu, har na fara jin kamar numfashina bai isa ba. Mu da muka saba hango nesa. Mun kwana a wani gari a hanya, kashegari muka faɗa cunkoson Legas. Ba zan ce komai a kan Legas ba, sai dai duk mai zagin cunkoson Kwari ya je ya nemi gafarar Kwari.

A kan iyaka aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wata ma'aikaciya ta kwance buhuna, ta cusa kai, ta ɗago da sauri tana fifita da hannu. Daddawa ce ta gaishe ta. Na ce shi ke nan miya ta mutu. Sai na ga ta sake sunkuyawa a hankali ta shaƙa, ta kwashe da dariya, ta kira 'yar'uwarta tana faɗin wani suna da yarensu. Ashe su ma suna da ita. Da hannunta ta ɗaure min buhun, ta ce wani abu da Faransanci. Ladi ta ce, "Cewa ta yi Allah ya ba da sa'ar miya." Na ce yaushe kika iya Faransanci? Ta ce, "Yanzu."

Masaukinmu ajin makarantar coci ne, an jera katifu a ƙasa. Garin kuwa ga abin kallo. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa, kamar 'yan makaranta. Mata suna tuƙa babur da kwando a baya, ba mai waiwayensu. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa yana yanka dasashi. Suna da wani tuwo mai tsami a naɗe cikin ganye, da sanyinsa ake ci, da soyayyen kifi da barkono ɗanye. Na ɗanɗana, ban ƙi shi ba, amma na gane abin da ya kwantar da mutane bara. Gumi kuwa ba ya bushewa a garin nan. Ka yi wanka, ka fito, kana neman wani wankan.

Wata safiya ina tuƙa tuwo, Mama Hannatu ta zo ta zauna kusa da murhu da wani zane a cinyarta. Na san shi. Zanen zumunta ne, irin wanda suke yin anko da shi, amma nata na farkon fari ne, shuɗinsa ya koɗe har ya kusa zama fari. A gefe guda akwai faci da jan ƙyalle, inda gawayin dutsen guga ya taɓa ƙona shi. Na mahaifiyarta ne. Su a al'adarsu, in 'yar zumunta ta rasu, da zanenta ake lulluɓe akwatin gawar har bakin kabari, sannan a cire a ba 'yarta. Da shi aka raka mahaifiyarta.

Ta ce, "Hajara, kin ga ƙafafun nan sun fara ƙin ni. Ina jin wannan ce tafiyata ta ƙarshe. Ran Lahadi da shi zan ba da waƙa. In kuma ranata ta zo, ke za ki tsaya ki ga an lulluɓe ni da shi. Yaran nan sabo za su sayo, na san su."

Na ce, "Ke dai kin fiye neman magana da safe. Miƙo min kukar nan." Amma na ji, na kuma riƙe.

Ran Juma'a da yamma Fasto ya ce gobe Asabar hutu, ba ɗinki, ba wa'azi, za a kai kowa bakin teku ya sha iska. To ga inda abin ya fara. Famfon masaukin nan ɗigo yake yi, kaya duk sun yi datti, zanen zumunta na kowa ya sha gumi, ga Lahadi jibi. Da safe Fasto ya fito ya tarar da mu a bakin mota, kowace da baho a ka, an cika shi da wanki.

Ya ce, "Mata, hutu fa na ce."

Ladi ta ce, "Fasto, kai ba ka taɓa sayen jarkar ruwa ba, matarka ce ke saye. An ce mana ruwa ne har ƙarshen duniya, kuma babu ɗan garuwa a bakinsa. Mu je mu zauna muna kallonsa?"

Ya buɗe ƙofar mota ya shiga gaba.

Kafin ka gan shi za ka ji shi. Wani ruri ne kamar manyan motoci suna wucewa ba sa ƙarewa. Da muka ratsa itatuwan kwakwa muka fito fili, sai kowa ya tsaya cak, har Ladi. Eh, ba a hango ƙarshensa, a gaya wa mai ruwa. Abin da ba wanda ya taɓa gaya min shi ne ba ya zama wuri ɗaya. Ya taso, ya zube, ya koma, ya sake tasowa, kamar mai haki. Ni ruwan da na sani, Tiga ne da kogin Wudil, inda ka bar su nan za ka same su.

Can gefe ga wasu Turawa kwance cikin rana tsakiya, kusan ba kaya, sun shafa mai. Mama Hannatu ta dube su ta ce, "Allah sarki, ko ba su da lafiya ne?"

Muka ɗaure zane a ƙirji muka shiga aiki. Ba mai ƙarfin halin shiga ciki, sai dai ki tsaya da bokiti, in ya taso ki kamfata ki ruga. Aka zuba sabulu, aka cuɗa. Babu kumfa. Aka ƙara. Babu. Ladi ta ɗaga sabulun tana juya shi, ta ce an sayar mata da jabu, in ta koma Singa sai mai shagon ya san ta. Wata ta ce ai nata ma haka, kuma ita da hannunta ta haɗa shi. Na lakata ruwan na sa a harshe. Jama'a, an gaya min da gishiri, amma ban zaci miyar da ta ɓaci ba ce. Duk da haka muka wanke, tunda an riga an jiƙa. Muka shimfiɗa shanya a kan yashi mai laushi, nesa da ruwa da kamar faɗin titi, muka danne da takalma da ɓawon kwakwa. Mama Hannatu ta kai nata can ƙarshe, ita kaɗai, don kada wani zanen ya zuba masa.

Wani tsoho mai gyaran raga yana ta ɗaga mana hannu, yana yi kamar mai kora kaji. Muka ɗaga masa mu ma. Har na ce mutanen garin nan akwai son gaisuwa.

Muka koma inuwa cin abinci. A nan na ji wata murya a bayana: "Sannunku da hutawa, mutanen Kano." Na juya, sai ga mai tsire da tirensa, da hula zanna. Wallahi kamar na ga ɗan'uwana. Malam Iro sunansa, a zangon garin aka haife shi, Hausarsa tana da wani lanƙwasa amma Hausa ce. Na tambaye shi ko ruwan nan yana alwala, ya ce yana yi, tsarkakakke ne, sai dai in kurkure baki da sauri. Ya ga bahunanmu a kife ya ce me muka yi da su. Muka gaya masa. Ya yi dariya har ya dafa bishiya. Sai kuma ya daina.

"Ina kuka yi shanyar?"

Muka nuna. Ya ajiye tire ya ce, "Ku tashi! Ruwa yana hawa!"

Wai ashe kullum sai ya matso ya ci ƙasa, sannan ya ja da baya. Faɗin titin nan da muka bari babu shi. Takalma suna yawo kamar agwagi. Ku zo ku ga matan zumunta da gudu, ana ihu, ana kamo zannuwa, Fasto ya naɗe wando yana bin ɗankwalin wata. Igiyar ruwa ta doki Ladi ta zaunar da ita, ta tashi tana tofar da yashi tana cewa, "Ɓarawo! Ɓarawo da rana tsaka!"

Aka tara abin da aka kamo, kowace ta ɗauki nata. Ana ta dariya. Sai na ga Mama Hannatu tsaye a can ƙarshe, ruwa yana wanke mata ƙafa, hannunta babu komai.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta dawo inuwa ta zauna ta miƙe ƙafafu tana kallon ruwan. Wata ta ce za ta ba ta nata, tana da biyu. Ta ce, "Na gode," ba ta ko juyo ba. Ni kuwa na miƙe, don ni aka ba wa amanar ranar da za a nemi zanen nan.

Na ce wa Malam Iro, ba yadda za a yi? Ya ce teku yakan dawo da abu, amma ba a inda ya ɗauka ba, kuma ba don an roƙe shi ba. Sai dai ga masunta can za su jawo taru, wata ƙatuwar raga da kwale-kwale ya kai ciki tun safe, takan kwaso abin da ba a zata ba. Kuma a nan duk wanda ya kama igiya ya ja, ko baƙo ne, yana da rabon kifi.

Ladi ta ce, "Kifinsu ya dame su. Ku tashi."

Muka je muka kama igiya a bayan maza. Kauri gare ta kamar hannun yaro, tana cin tafin hannu. Su da waƙa suke ja, wani yana buga ƙarfe, a ja a tsaya, a ja a tsaya. Mu ba mu san waƙarsu ba, sai muna ja lokacin da suke hutawa, muna taka ƙafar juna. Wani ya juyo yana mana faɗa da yare. Ladi ta waiwaya inuwa ta ƙwala kira: "Mama! Zanenki muke nema, ki zo ki ba mu waƙa ko ma ja daidai!"

Na zaci ba za ta taso ba. Sai ga ta tana ɗingishi. Ta tsaya ta saurari ƙarfen nan kaɗan, ta ɗauko wata waƙarsu ta coci ta ɗora a kai, ta zauna daram kamar don shi aka yi ta. Mata suka amsa. Masunta suka waiwayo suna dariya, mai ƙarfe ya ƙara ƙarfi. Ni ba na amsa waƙar coci, salatina nake yi, amma tare muke ja.

Da la'asar taru ya iso. Kifi ƙanana suna ta tsalle, ledoji, kaguwa, da takalmin Fasto ƙafa ɗaya. Muka tona, muka sake tonawa. Babu zane.

Mata masu sarin kifi suka sauko da manyan bahuna. Ina tsaye hannuna yana zafi, sai wata yarinyar mace ta sunkuya a gabana tana zaɓar kifi, da jariri a bayanta. Jan faci ne ya fara shiga idona. Na bi shi da kallo, ga shuɗin da ya koɗe. Na damƙi hannun Mama Hannatu, na nuna mata.

Malam Iro ya yi mana tafinta. Yarinyar ta ce can ƙasa ta tsince shi da rana, ruwa ya ajiye shi a gabanta, ta shanya a kan kwale-kwale ya bushe. Nata zanen goyon ya yage, kuma wannan ne fitowarta ta farko tun da ta haihu, shi ya sa ta ɗauka kyauta ce teku ya yi wa yaron. Ni kuwa tuni na kwance jakata na zaro atamfata sabuwa dal, 'yar Kwari, ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Na ce a gaya mata musaya za mu yi, ita ce da riba. Na ce a gaya mata na uwar matar nan ne, da shi aka raka ta kabari, da shi za a raka ita ma.

Da Malam Iro ya faɗa, yarinyar ta dafe ƙirji. Ba ta ko kalli atamfar ba. Ta sunkuya ta fara kwance ɗaurin. Jaririn yana barci, kumatunsa a kan jan facin nan, bakinsa a buɗe. Da ya ji an sassauta sai ya motsa, ya damƙi gefen zanen da hannu.

Mama Hannatu ta riƙe hannun yarinyar. Ta zagaya bayanta, ta gyara wa yaron wuya, ta ja zanen ta ɗaure shi tam, irin ɗaurinmu na gida, ta soke. Ta daɗe da tafin hannunta a bayan yaron.

Na ce, "Hannatu, me kike yi? Kin manta abin da kika ce min?"

Ta ce, "Ban manta ba. Da shi mahaifiyata ta goya ni, Hajara, kafin ya rufe ta. Ni na manta da wannan, sai yanzu. Ya raka mutum ɗaya, ya isa. Bar shi ya koma aikinsa."

"To ni ranar me zan ce wa yaranki?"

"Ki ce su sayo sabon. Ke za ki zaɓa, kin fi su ido."

Ladi ta juya baya tana share fuska, wai yashi ne ya shiga idonta. Atamfar ma ban dawo da ita ba, na ba yarinyar, kunya ba za ta bar ni in mayar jaka ba. Ita kuma ta cika mana baho da kifi har muka rasa yadda za mu yi da shi.

Ran Lahadi ina daga waje ina soya kifin nan, ina jiyo su. Zannuwan duk sun bushe sun sandare da gishiri, in mace ta motsa sai ki ji ƙaras-ƙaras kamar takarda, ana waƙa ana susa. Mama Hannatu da zanen aro ta ba da waƙa, muryarta har bakin titi.

Mun dawo lafiya, Malam ya samu kwakwarsa. Amma 'yar Mama Hannatu ta fari har yau ba ta huce ba. Ta zo har ɗakina ta ce, "Inna Hajara, kina tsaye aka bar zanen kakarmu a bayan ɗan da ko sunansa ba ku sani ba?" Ban ga laifinta ba, don ranar ni ma da na samu dama da na karɓo shi. Wani lokacin in ina tuƙi sai in ga Hannatu ta yi daidai, wani lokacin in ga gadon yarinyar nan aka bayar ba a tambaye ta ba.

To ke da kika matso kika ji har ƙarshe, da ke ce a tsaye a bakin ruwan nan, ga zanen uwarki, ga ɗan mutane yana barci a cikinsa, za ki kwance?